Ranar da Abla Majida Ta Zuba Gahawa

Sati uku takardar ta yi a jakar Abla Majida. Shafi ɗaya ce tak, ni na kai aka buga ta a wani shagon kwamfuta a unguwar Waziriyya. Shaida ce cewa Mamman Lawali, mahaifina, direba ne a gidan Ammu Othman, kuma Ammu ne kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a takardun zaman ƙasa. Sa hannu da hatimi kaɗai suka rage. Wata kwalejin kuɗi ce ta ɗauke ni karatun lissafi kyauta saboda sakamakon da na fito da shi a sakandare, ta ce in kai takardar kafin azahar ɗin Asabar, in ba haka ba a ba wadda ke bi na gurbin.

A Jidda aka haife ni, a nan na yi makaranta, Larabcina ya fi Hausata gudu. Duk da haka ban taɓa sa rai da jami'ar gwamnati ba, na san matsayin baƙo mai iƙama, takardar izinin zama, tun ina ƙarama. Wannan gurbin shi kaɗai gare ni.

Baba ya shekara ashirin da biyu yana tuƙa Ammu Othman, bai taɓa miƙa masa takarda hannu da hannu ba. Tsarin gidan ke nan. Duk abin da ya shafi masu aiki sai ya bi ta hannun matarsa, Abla Majida, ita za ta ajiye masa kusa da shayin safe ranar da ta ga dama. Duk lokacin da na tambaye ta, amsa ɗaya ce.

"Bukra, ya Mastura. Gobe in sha Allah. Ke dai akwai gaggawa."

Aikina a gidan shi ne kula da Sitti Nuriyya, mahaifiyar Ammu Othman, wadda yana ta rufe wa ido. Ina ba ta magani, ina karanta mata jarida, ranar Laraba bayan la'asar kuma in zauna mata a teburin karta. Poka suke yi, su biyar, a falon sama inda sanyin na'ura ke sa mutum ya manta da zafin Sha'aban. Abla ce ta koyo wasan a wata tafiya da ta yi waje, ta koya wa ƙawayenta. Sitti ta yarda a yi a gidan ɗanta bisa sharaɗin kada riyal ko ɗaya ya hau teburin, don ba za ta mutu a gidan caca ba. Sai aka sayo kwabban roba masu launi, ana raba wa kowa na dubu. Hukuncin kuma ita ta yanke shi: wadda nata suka fara ƙarewa, ita za ta tashi tsaye ta zuba wa sauran gahawa, su suna zaune.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Ana ba kowa karta biyu a rufe. Sai a shimfiɗa biyar a tsakiya, uku tare, sannan ɗaya, sannan ɗaya, kowa ya haɗa da nasa. Kafin kowace shimfiɗa da bayanta ana zuba kwabbai, kuma babu iyaka, wadda ta so tana iya tura duk abin da ke gabanta. Ke kuwa ko ki bi, ko ki kife kartarki ki fita. Wadda ta kife, ba mai sanin abin da ta riƙe.

Da farko ni nake raɗa wa Sitti abin da aka ba ta. Da ta gaji, sai ta ce in zauna a kujerarta in yi mata, ita ta koma gefena da carbinta. Idan na ci, Sitti ce ta ci. Idan kwabbanmu suka ƙare, ba sai an faɗi wadda za ta ɗauki butar gahawar ba.

Laraba bakwai na zuba a farkon zamana. A ta bakwai ɗin ne Umm Rayan, aminiyar Abla mai yawan dariya, ta dube ni da dalla, butar gahawar, a hannun hagu, kofuna a dama, ta ce, "Ku dubi yadda take riƙe ta, wallahi a jininta yake!"

Suka kwashe da dariya. Duk sun san Ummi, mahaifiyata Rakia, ita ke zuba gahawa a bukukuwansu shekara da shekaru, tsaye daga shigowar baƙi har watsewarsu. Da na koma gida na ɗauko littafin lissafina na aji uku, na buɗe shafukan da suka rage a baya.

Abin da ke kashe ni tagwaye ne ƙanana. Biyu da biyu, uku da uku, har zuwa shida da shida. In na gan su sai in ji ina da wani abu, in bi su har ƙarshe, manyan karta su zo su taka ni. A takarda na ga gaskiyarsu. Karta hamsin ce ban gani ba, biyu kaɗai cikinsu za su mai da tagwayena 'yan uku, kuma a shimfiɗar farko karta uku ake buɗewa. Na ninka na raba, ya ba ni sau ɗaya cikin takwas da rabi. Ke nan in wata ta yi ƙari na bi ta da ƙananan tagwaye, kusan sau takwas zan biya in kife. Sau ɗayan nan dole ya mai da mini duk abin da na zubar, har da riba. Sai na kafa wa kaina doka biyu. Ba zan bi ba sai abin da ke gaban mai ƙarin, da wanda ke gabana, ya ninka ƙarin sau goma sha biyar. Kuma in ta ukun ba ta fito ba, zan kife nan take, ko da zuciyata na cewa in ƙara leƙa ɗaya.

Na kuma lura da Abla. Ba ta yin babban ƙari sai da manyan tagwaye, shayib biyu ko ikka biyu, wato sarakunan karta da waɗanda suka fi su. In kuwa ta same su, ba ta iya sakinsu ko me aka shimfiɗa. Shekara biyu ana wasan nan ba ta taɓa zuba gahawa ba. Sau biyu, ina tattara karta, idona ya faɗa kan abin da Umm Rayan ta kife a gabanta, na ga hannun ci ne. Mijin Umm Rayan abokin kasuwancin Ammu Othman ne, ƙarami a cikinsu.

Wata biyar na yi ina bi ina kifewa. Suka sa mini suna Duktura, wato Dakta.

"Duktura ta sake gudu!"

"Ku ƙyale ta, lissafi take yi. Nawa ne biyu a tara da tsoro, ya Duktura?"

Ko Sitti takan zungure ni da gwiwar hannu. "Ya binti, na ba ki kujerata ki yi wasa ne, ba ki yi gadi ba."

Sai in ce, "Haƙuri, Sitti." Ban ci mai yawa ba, amma ban sake ɗaukar dalla ba.

Larabar ƙarshe kafin Asabar ɗin, Ummi na goge farin mayafin aikinta lokacin da zan fita. Ba ta ɗago kai ba.

"Ke ɗiyar nan, ji ni da kyau. Yau ko taka ki Majida ta yi, ki ce mata sannu."

"Na ji, Ummi."

"Ba ki ji ba, na san idon nan naki, na dangin ubanki ne. Mi za ki ci a wasan banza? Roba? Ki ba ta robar, ki amso takardarki."

"Sati uku ina ba ta, Ummi."

"Ni shekara ashirin nake ba su, ga ki nan kin yi karatu. Yalla, kada bas ya wuce ki."

Mun yi kusan awa ɗaya muna wasa ba abin da ya faru. Sau biyu na sami tagwaye, huɗu-huɗu da biyu-biyu, na bi, ba su zo ba, na kife. Sai aka raba, na ɗaga gefen kartata na ga uku da uku.

Abla ta jefa arba'in. Ta yi shi yadda ta saba, da yatsu biyu, tana kallon wani wuri kamar abin bai dame ta ba. Ƙawayenta biyu suka kife, Umm Rayan ma ta kife. Na dubi gaban Abla, saura ɗari takwas da sittin. Gabana dubu da ɗari. Ya ninka arba'in fiye da sau ashirin. Hannuna ya ajiye arba'in ɗin kafin in tuna da maganar Ummi, don wata biyar ke nan yana yin haka. Na ce a raina ba komai, sau ɗaya ne cikin takwas da rabi, yanzu zan kife.

Aka shimfiɗa takwas, da walad, wato yaron karta, da uku.

Sitti ta matso da bakinta kunnena. "Me gare mu?"

"Ba komai, Sitti," na ce, a hankali. Ban san dalilin da ya sa na yi mata ƙarya ba.

Abla ta zuba ɗari. Na bi. Umm Rayan ta tafa. "Allah! Duktura ta tsaya yau. Ku rubuta ranar."

Aka buɗe ta huɗu, biyu ce, ba ta canza komai ba. Abla ta dube ni sosai, karo na farko a ranar. Ta sa tafukan hannunta biyu ta turo duk kwabbanta tsakiya, awarwaronta na ƙara. Sannan ta jingina, ta janyo jakarta daga bayan kujera ta ɗora a cinya, ta buɗe kamar tana neman turare. Bakin ambulan ɗina ya leƙo.

"Af, takardar babanki," ta ce. "Kin ga har yanzu tana nan. Ki tuna mini in mun tashi, habibti."

Ta rufe jakar. Ɗaya daga cikin ƙawayen ta shiga gyara zobenta.

Na san abin da ta riƙe, ita kuma ba ta san nawa ba. In na kife, kartata za ta shige cikin sauran, a yi mini dariyar da aka saba, in tuna mata in mun tashi. Ban da ni ba wanda zai taɓa sani. Na yi ƙoƙarin lissafa ɗaya ɓangaren kamar yadda na lissafa karta. In na kife, sau nawa cikin nawa za ta kai masa takardar gobe? Sati uku na gobe-gobe nake da su a hannu, ba ni da wani adadi ban da su. Wataƙila jira take a zo bakin lokaci in ƙara durƙusawa, sannan ta bayar. Wataƙila tun ranar farko ta gama shawara cewa 'yar direbanta ba za ta shiga kwalejin da 'yar ƙanwarta ta nema ta rasa ba. Babu littafin da zan buɗe in gano.

Abin da na sani tabbas shi ne na biya wannan hannun. Wata biyar ina biyansa, arba'in-arba'in, da sunan Duktura a kai.

"Yalla, ya binti," in ji Sitti. "Kife mu ga na gaba."

Na ƙirga ɗari bakwai da sittin, na tura.

Abla ta buɗe shayib biyu tana murmushi. Na buɗe nawa. Umm Rayan ce ke rabo, ta daɗe da karta ta biyar a hannu kafin ta ajiye. Tara ce.

"Me ya faru?" Sitti ta tambaya. "Kun yi shiru kamar an yi mutuwa. Wa ya ci?"

"Ke kika ci, Sitti," na ce. "Uku guda uku gare mu."

Tsohuwar ta yi wata dariya har da tari. "Munafuka, kika ce ba komai! Majida, kin ƙare? To tashi mana. Shekara biyu ina son in ɗanɗana gahawar hannunki kafin in mutu."

Umm Rayan ta yi sauri ta ce, "Ai wasa ne, Sitti, a kira mai aiki ta zuba."

"Ni na sa dokar. Da Mastura ke zubawa ba wasa ba ne?"

Abla ta tashi. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, ba fushi a kai, ba komai. Ta ɗauki dalla da hannun dama, ta tuna, ta mayar hagu. Ta fara da Sitti, ta zuba mata ɗan kaɗan a ƙasan kofi yadda ake yi. Haka ta yi wa ƙawayenta uku. Da ta iso gabana sai ta karkata butar, ta bar ta a karkace har gahawar ta kai bakin kofin, ta taɓa yatsunta. Ta miƙo mini.

Sitti ba ta gani ba, amma sauran sun gani. Ba a cika wa baƙo kofi sai in ana so a ce masa ya sha ya tafi. Wannan shi ne abu na farko da Ummi ta koya mini, ina da shekara shida, da ruwa a butar wasa.

Na karɓa da dama. Da zafinsa na shanye, ya ƙona mini harshe. Abu na biyu da Ummi ta koya mini shi ne, mai sha in ya ƙoshi yakan girgiza kofin kafin ya mayar, in bai girgiza ba mai zuba ba ta da ikon tafiya. Na miƙa mata kofin tsaye cak.

Ta dubi kofin, ta dube ni. Ta sake zubawa. Na shanye, na sake miƙawa haka. Sai a na uku na girgiza, na ce, "Allah ya ba ki lafiya, Abla," kamar yadda ake ce wa Ummi in an tuna.

Da muka tashi na tuna mata da takardar, tun da ta ce in tuna mata.

"Bukra," ta ce.

Na isa gida kafin magariba. Ummi na tsinke ganyen mulukiyya a tire. Na zauna na faɗa mata komai, ban rage ba. Ba ta katse ni ba sai da na zo kan kofin.

"Ta cika shi?"

"Har baki."

"Kika sha?"

"Na sha. Ban girgiza ba."

Hannunta ya tsaya. "Sau nawa?"

"Uku."

Sai dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa. "Majida? Tsaye? Da wane hannu ta riƙe butar?"

"Da dama ta fara."

"Na sani! Wallahi na sani!" Ta yi dariyar har hawaye ya zo, hawayen kuma bai tsaya tare da dariyar ba. Ta share, ta jawo tiren gabanta. "Kin kashe kanki, Mastura. A kan roba."

"Ba ki san za ta bayar ba, Ummi."

"Ke ma ba ki san ba za ta bayar ba."

Alhamis da Juma'a hutu ne, Baba ya kai su Abla gidan hutunsu na bakin teku. Ya ce ya yi mata maganar sau ɗaya yana buɗe mata ƙofar mota, ta ce tana sane. Ranar Asabar tun bakwai na safe ina ƙofar kicin ɗin gidan. Aka ce Abla na barci. Ƙarfe goma aka ce tana wanka. Sha ɗaya da rabi na ga motar Ammu Othman ta fita, Baba na tuƙi, bai iya ko juyowa ya dube ni ba. Ina zaune a kan matakala aka kira azahar.

Lahadi da safe ta aiko a kira ni falon sama. Ta miƙo mini ambulan da hannunta. An sa hannu, an buga hatimi, komai daidai, da kwanan watan Lahadi.

"Ga ta, habibti. Na ce miki gobe, kin ga ban manta ba. Allah ya ba da sa'a, ya Duktura."

Na ce na gode. Na hau bas biyu na kai ta duk da haka. Matar da ke ofishin rajista ta karanta ta har ƙasa, ta ce ta yi kyau, amma tun jiya da yamma aka kira wadda ke bi na, har ta zo da mahaifinta ta sa hannu. Ta ce in gwada baɗi. Da baɗin ya zo, an daina ba da gurbin kyauta.

Ba a kore ni daga gidan ba. An dai samo wa Sitti ma'aikaciyar jinya, aka ce ta fi ni sanin magani. Baba ya ci gaba da tuƙi, bai taɓa ɗaga mini maganar ba, kuma shirun nan nasa ya fi mini faɗan Ummi ciwo.

Yanzu shekara huɗu ke nan ina bin Ummi bukukuwa, da safe kuma ina koya wa 'yan matan unguwa lissafi a ɗakinmu. Gwiwoyinta sun fara ba ta wahala, ni ke ɗaukar layin gaba, inda manyan baƙi ke zama. Takardar na nan cikin littafina na aji uku, a shafin da na yi lissafin tagwaye. Nakan duba shi wani lokaci. Babu kuskure a ciki ko ɗaya.

Bara na haɗu da Abla Majida a auren ɗan Umm Rayan. Tana layin gaba. Na tsaya a gabanta da dalla a hagu, na zuba mata ɗan kaɗan a ƙasan kofi, daidai yadda ake yi wa baƙon da ake girmamawa. Ta gane ni. Ta kurɓa sau ɗaya, ta girgiza kofin da sauri, ta mayar mini.